Tsince-tsince a cikin gem: wanne ya cancanci lokacinka, wanne ne aikin baban giwa?

Idan ka taɓa buga GTA San Andreas a wayarka, wataƙila ka san wannan yanayin: ka kammala labarin gem ɗin, ka duba shafin ci gaba, sai ka ga har yanzu ba ka kai kashi 100 ba. Cikin abin da ya rage akwai tsince-tsince, wato ƙananan abubuwan da masu haɗa gem suke ɓoyewa a lungu da saƙo don ka nemo. A San Andreas kaɗai akwai zanen bango 100 da za ka fesa wa fenti a Los Santos, hotuna 50 da za ka ɗauka a San Fierro, takalman doki 50 a Las Venturas, sai kawa 50 a ƙarƙashin ruwa. Jimilla 250 ke nan. Neman su yana cin sa'o'i, yana cin caji, idan kana bin bidiyon YouTube don ganin inda suke kuma har da data. To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Me ya sa ake saka su?

Duk wanda ya taɓa gwada haɗa ƙaramin gem ya san dalili na farko: suna da arha. Sabon aiki guda a cikin labari yana buƙatar marubuci, masu ɗaukar murya, masu zane da masu gwaji. Abin tsintuwa kuwa sau ɗaya ake zana shi, sai a kwafa shi a wurare ɗari, a rubuta ɗan lissafin da ke ƙirga nawa ka samu. Da ƙaramin aiki an ƙara wa gem sa'o'i goma.

Dalili na biyu ya fi kyau. Kamfani ya kashe kuɗi ya gina babban gari, amma labari ba zai kai ka kowace unguwa ba. Tsince-tsince su ne ke jan ka zuwa saman bene ko bayan dutsen da da ba za ka leƙa ba.

Na uku ya shafi halinmu. Mutum ba ya son ganin 97 cikin 100. Ukun da suka rage za su dame shi ko da ba su da wani amfani, kuma masu haɗa gem sun san da haka.

Masu kyau da marasa kyau

GTA Vice City na 2002 ya ɓoye ƙunshi 100, amma bai ce sai ka tara duka kafin ka ga komai ba. Kowane goma da ka samu akwai lada: goman farko sulke, daga baya makamai, a 90 tankar yaƙi, a 100 jirgi mai saukar ungulu na soja. Ko a ina ka tsaya, ba ka yi asara ba. A San Andreas ma, fesa zanen bangon 100 yana sa makamai su riƙa bayyana a gidan su CJ, sai dai a nan dole ka cika ɗarin.

Yanzu dubi Assassin's Creed na farko, na 2007. Tutoci sama da 400 ne a warwatse cikin garuruwa, kuma tara su ba ya ba ka makami ko sabon labari a cikin gem ɗin. A kashi na biyu, na 2009, an ɗan gyara: gashin tsuntsu 100 da kake tarawa yana da alaƙa da ƙanen jarumin da aka kashe, don haka akwai dalili a labari. Sai dai alkyabbar da ake ba ka a ƙarshe, idan ka yafa ta, masu gadi ne ke sa maka ido.

Batman: Arkham Knight na 2015 ya bi wata hanya da ta ɓata wa mutane da yawa rai. Ba za ka ga cikakken ƙarshen labarin ba sai ka warware ƙalubalen Riddler guda 243. Abin da ya kamata ya zama zaɓi ya koma dole.

Darasin Zelda

Misalin da ya fi bayyana lamarin shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017. Akwai irin Korok 900 a cikinsa, kowanne da ɗan wasan basira: ɗaga dutse, cike da'irar duwatsu, harbin balan-balan. Ana amfani da su wajen faɗaɗa jakar makamai, amma 441 sun isa ka faɗaɗa ta har ƙarshe. Wanda ya dage ya tara 900 ɗin, kyautar da ke jiransa wani abu ne na zinariya mai siffar kashi, ba ya yin komai.

Saƙon a fili yake. An baza su da yawa ne don duk hanyar da ka bi ka ci karo da isassu, ba don ka share taswira ba. Wanda ya tsince su a kan hanyarsa ya more. Wanda ya buɗe jerin wurare a intanet yana bi ɗaya bayan ɗaya ya mayar da wasa aikin ofis.

A waya akwai ƙarin tarko

A gem ɗin da ake saye sau ɗaya, lokaci kawai tsince-tsince ke ci. A gem na kyauta irin su Free Fire, PUBG Mobile da eFootball, abin tarawa ya koma kayan sawa, adon bindiga da katin 'yan wasa, kuma da yawansu ta akwatin sa'a suke fitowa: ka biya, ba ka san me zai fito ba. Ana kuma sa musu wa'adi don ka ji kamar za a bar ka a baya. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne. Wannan ba bincike ba ne kamar neman Korok, kasuwa ce, kuma sha'awar nan ta cika 100 ita ake amfani da ita a kanka.

Tambayoyi uku kafin ka fara

Na ɗaya: neman kansa yana da daɗi? Idan akwai tsalle, dabara ko sabon wuri, ci gaba. Idan tafiya ce kawai zuwa ɗigo a taswira, bar shi.

Na biyu: ladan yana canja yadda kake wasa, kuma yana zuwa da wuri? Makamin da aka ba ka bayan ka gama da duk abokan gaba ba shi da amfani. Duba abin da ake bayarwa kafin ka sa kanka.

Na uku: da babu lambar da ke ƙirgawa, za ka yi? Idan amsar a'a ce, lambar kake wa aiki.

Shawarata mai sauƙi ce. Tsinci abin da ka gani a kan hanya, bi waɗanda ladansu ke zuwa kashi-kashi, kada ka sa kuɗin datarka a akwatin da ba ka san cikinsa ba. Ranar da ka ji neman ya zame maka nauyi, ajiye shi a 83 cikin 100 ka buɗe wani gem. Ba wanda zai tambaye ka sauran.