Jiha ta ce a kama, birni ya ce a ƙyale: takaddamar wiwi a Teksas

A watan Janairun 2024 antoni-janar na jihar Teksas a Amurka, Ken Paxton, ya maka birane biyar na jiharsa a kotu: Austin, wadda ita ce fadar gwamnatin jihar, da San Marcos, da Killeen, da Denton, da Elgin. Laifinsu shi ne mazauna garuruwan sun kaɗa ƙuri'a sun umarci 'yan sandansu da su daina kama mutum don an same shi da ɗan ƙullin tabar wiwi.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda 'yan sanda da hukumar NDLEA duk na tarayya ne, zai yi mamakin yadda gari zai ba ɗan sanda umarni. A can kowane birni da rundunarsa, shi ke biyan albashi, shi ke naɗa shugabanta. Amma dokar laifuka ta jiha ce. A Teksas, wanda aka kama da wiwin da bai wuce oza 2 ba, wato kusan giram 57, zai iya shan ɗaurin kwana 180 da tarar dala 2,000.

Asalin rikicin ba daga biranen ya taso ba, daga majalisar jihar ne. A ƙarshen 2018 gwamnatin tarayya ta halatta noman wiwin masana'antu, wanda ake yin igiya da tufafi da mai da shi. A 2019 Teksas ta bi sahu. Matsalar ita ce tsiro ɗaya ne da wanda ake zuƙa. Abin da doka ta raba su da shi kawai shi ne yawan THC, sinadarin da ke sa maye: in bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba halas ne, in ya wuce laifi ne. Ido ba ya ganin wannan bambanci, hanci ma ba ya jin sa, har na karnukan 'yan sanda. Ɗakunan gwaje-gwajen gwamnati kuwa a lokacin suna iya cewa akwai sinadarin a ganye, amma ba su da na'urar auna yawansa. Masu gabatar da ƙara a manyan gundumomi suka ga ba su da hujjar da za ta tsaya gaban alƙali, suka fara janye ƙararraki. Gwamna Greg Abbott da manyan jihar suka rubuta musu wasiƙa cewa ba a halatta wiwi ba. Duk da haka, cikin 'yan watanni shari'o'in wiwi a jihar suka ragu da fiye da rabi.

Ta wannan ɓarakar biranen suka shiga. Wata ƙungiya mai suna Ground Game Texas ta bi gari-gari tana tara sa hannun jama'a. A watan Mayun 2022 kusan kashi 85 cikin 100 na masu zaɓe a Austin suka amince, sauran suka biyo baya a Nuwamba. Dallas ta yi nata a Nuwamban 2024, Paxton ya haɗa da ita. Ba ko'ina aka yarda ba. Mutanen Lubbock sun yi fatali da shawarar.

Biranen ba su ce sun halatta wiwi ba, don ba su da wannan iko. Cewa suka yi 'yan sandanmu kaɗan ne, kuɗin gwaji da yawa, gara a fuskanci kisa da fashi. Jihar kuma ta ɗauko wani sashe na dokar ƙananan hukumomi da ya hana kowane birni kafa tsarin ƙin aiwatar da dokokin miyagun ƙwayoyi. Alƙalan ƙananan kotuna sun fara korar ƙarar da aka shigar kan Austin da San Marcos, amma a Afrilun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta 15 ta ba jiha gaskiya. Sabuwar kotu ce, kuma Abbott ne ya naɗa alƙalanta na farko. Tun 2023 ma majalisa ta yi dokar da za a iya tsige mai gabatar da ƙara in ya ɗauki manufar ƙin gurfanar da masu wani nau'in laifi.

A ganina, ta fuskar doka jiha ce da gaskiya. In kowane gari zai zaɓi dokar da yake so, gobe wani zai ƙyale abin da ya fi wiwi muni. Sai dai jihar da ke tsawata wa birane ita ce ta bar jaki tana dukan taiki. Dokarta ta 2019 ta buɗe ƙofa ga dubban shaguna masu sayar da alewa da lemo da ganyen da ke bugarwa, a fili, da rasidi, saboda an sarrafa su daga wiwin masana'antu. Saurayi zai sayi abin maye a kanti ba wanda ya ce masa kanzil, maƙwabcinsa kuma ya kwana a kurkuku kan ƙullin da ke aljihunsa.

Mataimakin gwamna Dan Patrick ya matsa har majalisa ta zartar da ƙudurin haramta waɗannan kayayyaki baki ɗaya a 2025. Abbott, ɗan jam'iyyarsu ta Rifablikan, ya hau kujerar na-ƙi a watan Yuni, ya ce gara a tsara kasuwar da a rufe ta, daga baya ya ba da umarnin hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba.