Koyon Farfaɗo da Zuciya: Tsarin Haɗa Intanet da Ɗakin Gwaji

Gabatarwa

Idan zuciyar mutum ta tsaya ba zato ba tsammani, jini yakan daina kai iskar oksijin zuwa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwar takan fara lalacewa. A asibiti, ma'aikacin jinya ne galibi yake tsaye kusa da gadon majiyyaci a wannan lokaci, likita kuwa sai an kira shi. Saboda haka ran majiyyacin, bayan ikon Allah, ya rataya ne a kan abin da hannuwan ma'aikacin nan suka iya. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce a duba yadda ake koya wa ɗaliban aikin jinya wannan fasaha a yau, ta hanyar raba karatun gida biyu, wato sashe ɗaya a intanet, ɗaya kuma a gaban malami.

Asalin fasahar

Fasahar farfaɗo da zuciya da numfashi ba ta daɗe ainun ba. A shekarun 1950 ne likitoci biyu, James Elam da Peter Safar, suka tabbatar a Amurka cewa iskar da mutum ya hura wa wani baki-da-baki ta isa ta riƙe ransa. A 1960 kuma Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, suka bayyana cewa danna ƙirji daga waje yana iya tura jini ba tare da an tsaga mutum ba. Da aka haɗa waɗannan dabaru biyu sai wata matsala ta taso: a kan wa za a koya? Ba a danna ƙirjin mai rai don gwaji. Wanda ya warware matsalar shi ne Asmund Laerdal, wani maƙerin kayan wasan yara a Stavanger ta ƙasar Norwe, wanda ya ƙera mutum-mutumin roba mai suna Resusci Anne a 1960. Tun daga nan koyon ya zama na aji, malami ya yi bayani, ya nuna, ɗalibai su durƙusa su kwaikwaya.

Abin da ake so ɗalibi ya iya

Ka'idojin ba su da yawa, amma kowace tana da awo. Ɗalibi zai tabbatar mutum ba ya amsawa, kuma ba ya numfashi irin na lafiya, ya kira taimako, sa'an nan ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ya ɗora ɗaya hannun a kai. Ga baligi, ana danna ƙirji ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuma bayan kowace dannawa a bar ƙirjin ya komo daidai, domin a lokacin ne zuciya take sake cika da jini. Bayan dannawa 30 sai a ba da numfashi 2. Ba a so a dakata fiye da daƙiƙa 10, kuma ana sauya mai dannawa duk bayan minti biyu saboda gajiya. Da zarar na'urar girgiza zuciya da lantarki ta iso, sai a manna ta a bi umurninta.

Mai karatu zai lura cewa wannan ilmi iri biyu ne. Akwai wanda ake riƙewa a ka, kamar lambobin nan da jerin matakai, akwai kuma wanda sai jiki ya saba da shi, kamar sanin nauyin da zai nutsar da ƙirji santimita 5. A kan wannan bambanci aka gina tsarin haɗaka.

Yadda tsarin yake

A sashe na farko, ɗalibi yakan zauna da kwamfuta ko wayar hannu, a lokacin da ya ga dama, ya kalli bidiyo, ya karanta bayani, ya amsa tambayoyi. Wasu darussan sukan kawo masa majiyyaci a allo, su bar shi ya zaɓi abin da zai yi, in ya kuskure su nuna masa sakamakon kuskurensa. Mai saurin fahimta ya wuce, wanda bai gane ba ya maimaita sau goma ba tare da jin kunyar 'yan aji ba. Sai ya ci jarrabawar wannan sashe kafin a karɓe shi a na biyu. Shirin HeartCode na Ƙungiyar Zuciya ta Amurka misali ne na wannan tsari.

Sashe na biyu a ɗakin gwaji ake yin sa. Tun da an riga an gama da bayani, lokacin duka na aiki ne. A nan malami yake ganin abin da allo ba ya gani: gwiwar hannu da ta lanƙwashe, da ɗalibin da ya jingina a kan ƙirji bai bar shi ya taso ba, da wanda tsoron karya haƙarƙari ya sa yake shafa kawai. Mutum-mutumin zamani yana auna zurfi da sauri, ya nuna wa ɗalibi nan take, kuma tun 2019 ƙungiyar da aka ambata ta wajabta amfani da irin wannan na'ura a darussanta na farfaɗo da baligai. A nan kuma ake koyon aiki tare, wannan yana dannawa, wancan yana ba da numfashi, wani yana ƙidayar lokaci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amfani da cikas

Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya da Ostireliya a kan ma'aikatan lafiya, aka buga a 2012, ya kwatanta kwas na kwana biyu a aji da na kwana ɗaya a aji bayan karatun intanet. An samu cewa sanin ɓangarorin biyu ya yi daidai, kuɗin da aka kashe ya ragu ƙwarai, amma waɗanda suka bi ta intanet sun ɗan gaza takwarorinsu a gwajin aiki. Darasin a fili yake: ana iya rage lacca, amma rage gwaji yana da haɗari. Annobar korona ta 2020, wadda ta rufe makarantu, ta daɗa yaɗa tsarin, kuma a 2022 kwamitin ƙasa da ƙasa mai daidaita ka'idojin farfaɗowa ya goyi bayansa, da sharaɗin akwai kayan aiki da hanyar samun darasin.

Wannan sharaɗi ya shafe mu. Ɗalibar jinya a Kano ko Damagaram tana fama da tsadar data da ɗaukewar lantarki, kuma inda ɗalibai suka yi wa mutum-mutumi yawa, kowa ba zai taɓa shi ba sai na ɗan lokaci. In aka yi sakaci, sai a yaye mai takardar shaida wanda hannunsa bai taɓa gajiya da danna ƙirji ba. Ban da wannan, an tabbatar cewa ƙwarewar takan fara dusashewa cikin 'yan watanni, alhali takardar shaida shekara biyu take yi. Shi ya sa masana suke ba da shawarar gajeren gwaji a kai a kai, misali duk wata uku.

Kammalawa

Mun ga cewa intanet tana ɗauke wa malami nauyin bayani, ta bar masa lokacin gyara hannu. Makarantar da za ta ɗauki wannan tsari ya kamata ta fara tanadin mutum-mutumi da malamai kafin ta sayi darasi, ta kuma buɗe ɗakin gwajinta ga ɗalibai a duk tsawon shekara. Ranar da majiyyaci zai sandare a gado da tsakar dare, ba za a sami damar buɗe waya a duba mataki na gaba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.