Manhajar Tsara Littafi da Matsalar Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Malamin da ya rubuta littafin kimiyya da Hausa, ya sa aka buga masa shi a kwamfuta a wani shago a Na'ibawa, yana da sauran aiki kafin ya doshi maɗaba'a. Dole a tsara shafukan, wato a daidaita rubutu da zane-zane da lambobin shafi. Wannan aiki yana da manhajojinsa. Kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker a 1985, QuarkXPress ta biyo baya a 1987, sannan Adobe ya kawo InDesign a 1999, wadda ta gaji PageMaker. Akwai kuma Scribus, wadda kyauta ce. CorelDRAW, da shagunanmu suka fi sabawa da ita, ta ƙware wajen zanen bango da kalanda, amma a ganina ɗora mata littafi mai shafi 200 wahalar da kai ne.

To, amma ga marubucin Hausa, tambayar farko ita ce: yaya manhajar take ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ?

A shekarun 1990 kwamfutocinmu ba su zo da waɗannan baƙaƙe ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon baƙaƙe na Rabi'at, wanda ya taimaki mawallafa ƙwarai. Dabarar irin wannan salo ita ce aron gurbin wasu alamomi: ka danna }, sai ƙ ta fito a allo. Sai dai a cikin kwamfutar, alamar tana nan a matsayin }. Idan aka kai aikin wata na'ura da ba ta da salon, sai “ƙasa” ta koma “}asa”. Mai gyara kuwa idan ya gaji, sai ya mayar da ita k. A darasin halittu wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin ƙafa gaɓa ce, kafa kuwa rami ne. Tsarin Unicode, da ya fito a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin, har da namu. InDesign da Scribus suna aiki da shi. PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ta kasance a 2001, ba ta aiki da shi.

Ɗalibi ya lura da wani abu kuma. Sunan kimiyya, kamar Adansonia digitata na kuka, da karkatattun baƙaƙe ake rubuta shi, don haka a zaɓi salon da ke da miƙaƙƙu da karkatattu, dukkansu da ƙugiya.

Launi ma yana yaudara. Allo yana haɗa haske uku, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma tawada huɗu yake haɗawa. Shi ya sa koren ganye mai sheƙi a allo kan dushe a takarda. Kafin a sayi manhaja, a tambayi maɗaba'ar irin fayil ɗin da take karɓa. A miƙa mata PDF da aka cusa salon baƙaƙen a cikinsa, a kuma nemi ta fitar da shafi 16 na gwaji a karanta su kafin a kunna inji.