Na'urar neman zinariya: labarin da ke jiran marubuci

Jama'a, tun 2014 da aka gano zinariya a Jado, cikin jihar Agadas, samarinmu da dama daga Maradi, Damagaram da Tawa suka kama hanyar arewa. Kowa burinsa ya riƙe na'urar gano ƙarfe.

Yaya take aiki? A ƙasanta akwai faifai mai naɗaɗɗiyar waya, wanda ke tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, sai na'urar ta yi kuka a kunnen mai riƙe da ita. To amma fa kukan ba alkawari ba ne. Sau tari a sha haƙa, a tarar da ƙusa ko tsohon gwangwani.

Nan ne mai son rubuta ƙagaggen labari zai sami abin kamawa. Tsakanin kukan na'ura da fitowar abin da ke binne, akwai bashin kuɗin mota, da rabon da za a yi da mai na'ura, da tsadar ruwan sha, da uwar da ke gida tana jiran waya. Shawararmu ga marubuci, ya zauna da waɗanda suka dawo, ya saurare su da kyau, sannan ya sauya sunayensu don rufin asiri.

Gwamnati ta rufe Jado a 2017, mutanen sun watse. In ba mu rubuta ba, yaranmu za su ji labarin wanda ya dawo da mota kawai. Na wanda ya dawo da bashi, da wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba, wa zai ba su?