不: Harafin da Sinawa Ke Ƙin Abu da Shi

Ɗan kasuwar Kano da ya saba zuwa Guangzhou ko Yiwu sarin kaya, ko bai taɓa zama ajin Sinanci ba, akwai sautin da kunnensa ya riga ya haddace. Idan ya taya kaya da arha, mai shago zai kaɗa kai ya ce bù xíng, wato ba zai yiwu ba, abin da ɗan kasuwar gida zai taƙaita da "albarka". Wannan bù ɗin shi ne 不, harafi mai zane huɗu kacal: layi kwance a sama, ɗaya ya karkata hagu, ɗaya ya sauka tsaye, sai ɗan guntu a dama. A ƙididdigar haruffan da suka fi yawan fitowa a rubutun Sinanci na zamani, yana cikin biyar na farko.

Aikinsa korewa ne, irin wanda "ba" ke yi a Hausa. Ana ajiye shi gaban aikatau ko sifa. Hǎo na nufin da kyau, bù hǎo ba kyau. Zhīdào sani ne, bù zhīdào kuma ban sani ba. Sai dai wanda ya ɗauke shi a matsayin "a'a" kawai zai sha mamaki, domin Sinawa sun fi amsa tambaya da maimaita aikatau. Idan aka ce qù bu qù, za ka ko ba za ka ba, amsar ita ce qù ko bú qù.

Mai lura zai ga an rubuta harafin nan iri uku a sama: bù, bú da bu. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu, kuma tsarin Pinyin na rubuta Sinanci da haruffan boko, da aka amince da shi a 1958, yana nuna su da alama a kan wasali. A ƙamus, 不 yana da kari na huɗu, wanda murya ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa da sauri. Bahaushe ya san wannan faɗuwar, ita ce ke raba "kai" na jiki da "kai" na wanda ake wa magana, kuma ita ake ji a "yau". Amma da zarar gaɓar da ke biye ita ma mai faɗuwa ce, sai 不 ya juya ya zama mai hawa. Shi ya sa ake cewa bú shì, ba haka ba ne, da bú yào, ba na so, da bú duì, ba daidai ba ne. A nan ne mai jin Hausa ke ɗan cije leɓe, don Hausa tana da kari na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, amma mai hawa baƙo ne a bakinta. Idan kuma harafin ya faɗo tsakiyar magana, kamar a duìbuqǐ, yi haƙuri, ko tīng bu dǒng, na ji amma ban gane ba, sai ya rasa kari gaba ɗaya, a furta shi a gajarce cikin sauƙi. A takarda kuwa harafin ko ɗigo ba ya canzawa, kuma yaron Beijing yana yin wannan juyi tun kafin malami ya faɗa masa akwai doka.

Harafin yana da abokin aiki da ke rikita masu koyo, wato 没, méi. Wǒ bù chī na nufin ba na ci ko ba zan ci ba, magana ce ta ɗabi'a ko niyya. Wǒ méi chī kuwa ban ci ba ne, abin bai auku ba. Baƙon da mai gida ya tambaya ko ya ci abinci, ya amsa da bù maimakon méi, ya ƙi tayi ne alhali cewa yake son yi "tukuna". Sannan aikatau yǒu, mai nufin akwai ko mallaka, ba ya karɓar 不 ko kaɗan. Méiyǒu ake cewa, kuma shi ne "babu" na Sinawa.

Siffar harafin ba ta da wata alaƙa da ƙi. Tsofaffin misalansa suna kan ƙasusuwan kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru na daular Shang, waɗanda aka tono a Anyang ta lardin Henan, masu shekaru sama da 3,000. Masanin nan Wang Yirong ne ake dangantawa da gano cewa rubutu ne, a 1899. Masu duba na fadar sarki sukan sassaƙa tambaya fuska biyu, za a yi ruwa, ba za a yi ruwa ba, sannan su ɗana wa ƙashin zafi har ya tsage su karanta tsagar. Don haka 不 ya cika waɗannan ƙasusuwa. Yawancin masana na ganin asalin zanen hoton wani sashen tsiro ne, wasu su ce gindin fure, wasu su ce saiwa, aka are shi don sautinsa ya yi kusa da na kalmar korewa, wadda ba ta da hoton da za a zana mata.

Xu Shen, wanda ya haɗa ƙamusun Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya ba da wani bayani daban. A wurinsa layin sama sararin samaniya ne, sauran kuma tsuntsu ne da ya tashi bai sauko ba. Bayanin ya fi daɗin ji, shi ya sa har yau ake maimaita shi, amma Xu Shen bai ga ƙasusuwan Anyang ba, a zamaninsa suna binne.

Maƙwabtan Sin sun karɓi harafin da lafazinsu. Japanawa na karanta shi fu ko bu, Koriyawa bul ko bu, mutanen Biyetnam bất. A Kantonanci, harshen Hong Kong da Guangzhou, bat ake cewa, amma a hirar yau da kullum 唔 suke amfani da shi, sautin "m" da ake yi baki a rufe.

Abin sha'awa, da yawa daga maganganun ladabi na Sinawa da 不 ake gina su. Wanda aka yi wa godiya yakan ce bú kèqi, kada ka yi baƙunta. Yabo kuma sau da yawa bú cuò ne, a zahiri "ba laifi", amma daga bakin malami ko uban gida wannan yabo ne mai nauyi.

Har cikin wasu haruffa ya shiga ya zauna. An ɗora shi kan 正, miƙaƙƙe, aka sami 歪, wāi, karkatacce. An ɗora shi kan 好, wato hǎo, aka sami 孬, nāo, marar kyau ko rago. A 杯, bēi, ƙoƙon shan ruwa ko shayi, sauti kawai ya bayar, ma'anar tana wajen alamar itace da ke gefensa. Mutanen arewacin Sin kuwa sun yi ta faɗin bú yòng, ba sai an yi ba, da sauri har gaɓoɓin biyu suka narke suka zama béng, marubuta suka bi baki suka ɗora 不 a kan 用, aka sami 甭.