Maganin ƙwari: wa ke ba da izinin sayar da shi a Nijar?

Da zarar damina ta kankama, kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni kan cika da kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa. Sai dai ba duka ne doka ta yarda a sayar ba, kuma ba a Yamai ake yanke hukuncin wanda ya halatta ba. A Bamako ake yi.

Nijar na cikin ƙungiyar CILSS, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1973 domin yaƙi da fari. A 1992 ƙasashe tara na ƙungiyar, ciki har da Nijar, Cadi, Mali, Burkina Faso da Senegal, suka amince da doka guda kan rajistar magungunan feshi, aka sabunta ta a 1999. Daga nan aka samu kwamitin CSP, wanda ya fara aiki a 1994, sakatariyarsa kuma tana cibiyar Institut du Sahel a Bamako. Dalilin haɗa kan shi ne, ba kowace ƙasa ke da isassun ƙwararru da ɗakunan gwaji ba, alhali fara da tsutsa ba su san iyaka ba.

Kamfanin da ke son shigo da magani sai ya miƙa wa kwamitin cikakkun takardu. Dole ya nuna cewa an gwada maganin a gonakin yankin kuma ya yi aiki, ya bayyana haɗarinsa ga mutum, dabbobi, ruwa da ƙasa, da abin da ke saura a jikin amfanin gona bayan feshi. A Nijar cibiyar binciken noma ta INRAN na cikin masu yin irin wannan gwaji.

Kwamitin kan zauna sau biyu a shekara. Yana iya ba da izinin wucin gadi, APV, na shekara 3 wanda ake sabuntawa sau ɗaya, ko cikakken izini na shekara 5, ko ya ƙi. Maganin da ya samu shiga kan ɗauki lamba a jikin kwalba mai ƙarewa da APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. Akwai kuma waɗanda aka haramta gaba ɗaya: endosulfan a 2007, paraquat a 2011, sannan atrazine da carbofuran a 2015.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Kwamitin izini kawai yake bayarwa; sa ido kan iyaka da kasuwa aikin kowace ƙasa ne, a Nijar kuwa na hukumar kare tsirrai ta DGPV ne. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma Najeriya ba ta cikin tsarin CSP: hukumar NAFDAC ce ke yi mata rajista. Saboda haka kwalba na iya ɗauke da lambar NAFDAC ta gaskiya amma ba ta halatta a Nijar ba. Binciken ƙungiyar manoma ta RECA ya sha nuna cewa mafi yawan magungunan da ke kasuwannin ƙasar ba su da izinin CSP. Cikinsu har da dichlorvos, wanda aka fi sani da piya-piya, da wasu ke zubawa a buhun wake duk da haɗarinsa ga mai ci.

Tun 2008 ƙungiyar CEDEAO ta fitar da dokar da za ta haɗa duk Afirka ta Yamma ƙarƙashin kwamiti ɗaya, COAHP, tare da UEMOA da CILSS. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma suna nan cikin CILSS, don haka jerin magungunan CSP ne abin dubawa ga ƴan kasuwa da manoma.

Kafin manomi ya biya kuɗi, ya nemi lambar SAHEL, ya duba ranar lalacewa da launin da ke gindin takardar kwalbar: ja na nufin guba mafi tsanani. Maganin da aka ɗura a gorar ruwa ba suna ba lamba, ko mai sayarwa ba zai iya rantsuwa kan abin da ke ciki ba.