Ƙwallon Gora Na Kan Ƙanƙara, Da Wata Doka Tasa Abar Koyi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani wasa na ƙasashen sanyi, watau ƙwallon gora na kan ƙanƙara, domin akwai wata doka tasa da ta kamata mu duba.

A birnin Montreal na ƙasar Kanada aka fara yinsa bisa tsari cikin ɗaki, ran 3 ga Maris, 1875, aka kuma shigar da shi wasannin Olimfik a 1920. Filinsa ruwa ne daskararre, a Kanada da Amurka tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85. 'Yan wasa sukan sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da su. Kowane gefe mutum 6 ne har da mai tsaron gida. Ƙwallon kuwa faifan roba ne baƙi, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Da sanda mai lanƙwasa ake korarsa a jefa cikin raga. Zango 3 ake yi, kowanne minti 20. Ba a yarda ɗan wasa ya riga ƙwallo tsallake layin nan shuɗi na gidan abokan karawa ba.

To, ga dokar da na ce. Wanda ya yi wa wani taɗiya, ko ya maƙale shi da sanda, sai alƙali ya fitar da shi ya zauna gefe minti 2, in laifin babba ne minti 5. Ba a sa wani a madadinsa, 'yan'uwansa 5 su ne za su yi ta fama da 6. Sau da yawa a nan ake cinsu. Lalle wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Mu nan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ba mu san ƙanƙara ba sai wadda ke zuba da ruwan sama. Amma muna da ƙwallon ƙafa, wanda sau da yawa yakan ƙare da rigima tsakanin ƙauyuka. Ina ba malaman makaranta shawara su gwada dokar nan a wasan yaransu. Yaron da ya zauna yana kallon 'yan'uwansa suna shan wuya sabili da shi, ba sai an yi masa bulala ba.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Kurmin Kogi.